Kafin a Sa Maka Sabon Kwatangwalo, Fara Gyara Gida

Ga abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan karon, mun rubuta shi saboda wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji amma yana so ya ajiye takardar. Maganar ita ce aikin canza kwatangwalo, wato a cire mahaɗar ƙashin cinya da ƙugu da ta lalace a sa ta ƙarfe da roba. Tambayoyin da ke zuwa mana daga ɓangarori biyu na iyaka kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin, wane asibiti, zan sake taka ƙafar kuwa? Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda zai kwanta ko yadda zai kama ruwa in an sallamo shi. Alhali aikin kansa sa'a ɗaya ne zuwa biyu. Wata ukun da ke biye a gidanka za ka yi su, kuma gidan Bahaushe, a Kano yake ko a Damagaram, an tsara shi ne don mai zaman ƙasa.

Bari mu fara da abin da ake canzawa. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kamar ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Guringuntsi ya lulluɓe su duka biyu, shi ya sa suke juyawa ba ka ji. In guringuntsin ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Ciwon yakan zauna a matsematsi, wani lokaci ya gangara har gwiwa, har ka ga mutum ya shekara yana shafa wa gwiwa magani alhali matsalar tana sama.

A Turai galibi tsofaffi ake yi wa wannan aiki. A nan kuwa akwai matasa da yawa a layin, kuma babban dalili shi ne amosanin jini, sikila a bakin mutanen Najeriya, emasi a bakin mutanen Nijar. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe suna toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ya mutu a hankali, ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Daɗewa ana shan magunguna irin su dexamethasone da prednisolone ma yana jawo haka, kuma su ne ake sayarwa a matsayin maganin ƙiba, wanda ake kira sha ka fashe. Sai yawan shan giya, da tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba.

A ɗakin tiyata likita zai yanke kan da ya lalace, ya zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon cinya, ya ɗora mata ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran, sannan ya gyara gurbin ya sa masa ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya kafa wannan tsari a asibitin Wrightington a 1962, kuma har yau a kan tubalinsa ake gini. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 89 cikin 100 na waɗannan mahaɗai suna kai shekara 15, kusan 58 cikin 100 kuma suna kai shekara 25. In shekarunka 70, mai yiwuwa guda ɗaya ta ishe ka. In shekarunka 25 ne, ka sa a ranka cewa watarana za a iya sake buɗewa, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Yadda ka riƙe ta tun daga makon farko yana cikin abin da zai ja mata kwana.

Me ya sa ake hana tsugunno?

Mahaɗar da Allah ya halitta tana da wata jaka mai ƙarfi da jijiyoyi da suka ɗaure ƙwallon a gurbinsa. Likita ba zai kai ga ƙashi ba sai ya ratsa su. Kafin su haɗe, mako 6 zuwa 12, sabon ƙwallon ba shi da mai riƙe shi sosai, kuma motsi uku ne suka fi fitar da shi: naɗe cinya ta matso ciki, harɗe ƙafa ɗaya kan ɗaya, da murɗa ƙafar da aka yi wa aiki ta kalli ciki. Ka'idar da za ka riƙe mai sauƙi ce: in ka zauna, kada gwiwa ta fi ƙugu tudu. Waɗannan sun fi shafar wanda aka shiga ta bayan ɗuwawu. In ta gaba aka shiga, hanin yakan bambanta, wani likitan ma ya sassauta shi. Don haka ka tambayi naka likitan ta ina zai shiga, me zai hana ka, har tsawon mako nawa. Maganarsa tana gaba da tamu.

To, yanzu ƙirga sau nawa kake naɗe cinya daga asuba zuwa dare. Masai na tsugunno. Kujerar alwala. Sujada da zaman tahiya. Tabarmar cin tuwo. Katifa a ƙasa. Durƙusawa gaida manya. Kusan duk rayuwar gidanmu tana cikin abin da aka hana, shi ya sa takardar shawara da aka rubuta don mutumin Landan ko Faris ba ta isar mu.

Fara da banɗaki, domin shi ne wurin da ba ka iya cewa sai gobe. Mako biyu kafin ranar aiki, ka kira kafinta ko mai walda ya yi maka kujera mai rami a tsakiya, mai hannuwa biyu da za ka dafa, wadda za a ɗora a kan bakin masai. Awonta a jikinka yake: ka tsaya, mazaunin ya ɗan wuce lanƙwasar bayan gwiwarka. Wasu suna huda kujerar roba, amma roba in an yanke ta ƙarfinta ya ragu, kuma ranar da ta ɓalle da kai ba za ta yi sallama ba. Masai na zama ma sau da yawa gajere ne, sai an ƙara masa tudu. Da dare a shigo da kujerar ɗaki a sa bokiti a ƙarƙashi, ga tocila kusa da matashi, don kada ka ratsa tsakar gida da sanduna cikin duhu. Wanka a tsaye ko a kan doguwar kujera, a ɗora bokitin ruwa a kan abu mai tudu, a kuma shimfiɗa abin da zai hana santsi in akwai tayil.

Sai makwanci. Katifar ƙasa ta tashi aiki na wata uku. In babu gado a ara, in gajere ne a ɗaga ƙafafunsa da bulo, a tabbatar ba ya rawa. Katifar ta zama mai tauri, wadda ba za ka nutse a ciki ba. Tanadi matashi biyu, ɗaya za ka riƙa sawa tsakanin cinyoyi in za ka kwanta, don kada ƙafa ta haye 'yar'uwarta cikin barci. Kujerun falo masu laushi da muke alfahari da su, waɗanda mutum ke lumewa a ciki, su ne mafi haɗari a gidan. Nemi kujera guda mai tauri, mai tudu, mai hannuwa, ka ce wannan tawa ce.

Daga nan ka bi hanyar da za ka riƙa bi, daga gado zuwa banɗaki zuwa inuwar da kake zama, ka dube ta da idon mai sanda. Bakin tabarma da ya naɗe, darduma, wayar caji, dokin ƙofa, ruwan wanke-wanke, ɗan akuya, yaran da ke shigowa a guje. Silifas a ajiye shi, a samo takalmi mai kama dunduniya wanda ba sai an sunkuya an ɗaura ba. Babbar riga, dogon hijabi da zane mai jan ƙasa suna kama ƙafar sanda. Kayan da kake ɗauka kullum, buta, waya, rediyo, magani, a ɗora su daidai ƙugu.

Salla ita ce tambayar da mutane ke jin nauyin yi wa likita, su kuma ji nauyin yi wa malam. Addini ya riga ya yi sauƙi a nan, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne a kan sallar marar lafiya a zaune ko a kwance. Abin lura shi ne "a zaune" a wurinka yana nufin a kan doguwar kujera, domin zaman ƙasa ya fi tsayuwa haɗari ga sabon kwatangwalo. Ruku'u da sujada da nuni za ka yi su, ba tare da ka kifa ƙirji kan cinya ba. Wajen alwala, wanke ƙafa ne matsala, domin hannunka ba zai kai ba sai ka karya ka'ida, saboda haka wani ya wanke maka. Ka zauna da malaminka tun kafin aiki ku tsara wannan. Ranar komawa sujada kuwa likita ne zai faɗa, mutane da yawa suna komawa bayan watanni, wasu kuma ana ba su shawarar su zauna a kujerar. 'Yan'uwa Kirista, durƙuso a coci ma haka ne, a jira izini.

Hajiya, ke taki ta fi yawa. Gajeriyar tsintsiya, murhun ƙasa, wanki a sunkuye, daka, jan ruwa a rijiya, goyo, duk ki sauke su na wannan lokaci. In dole ki yi girki, a ɗora kurfoti ko risho a kan tebur. Akwai kuma gaisuwa. Yarinya mai amosanin jini da aka yi wa aiki, surukarta ta shigo dubiya, jikinta da kansa zai kai ta ƙasa kafin ta tuna. Maigida, aikinka ne ka gaya wa iyaye da dangi tun da wuri cewa likita ya hana ta durƙusawa, kuma za ta zauna a kujera ko da manya suna kan tabarma. In daga bakinka ya fito ba wanda zai kira shi rashin kunya. Masu tambaya kan aure da haihuwa: ana ɗaukar ciki a haihu bayan wannan aiki, kwanciyar aure kuma galibi ana jira wajen mako 6. Ku tambayi likita kai tsaye, ya saba jin irinta.

Abu na ƙarshe a gida shi ne mai jinya. Gida cike da mutane daban, mai jinya daban. A ware mutum ɗaya mai ƙarfi wanda zai kwana kusa da kai aƙalla mako biyun farko, ya kuma je asibiti ya ga yadda masu gashin ƙashi, waɗanda ake ce wa kine a Nijar, suke tayar da kai da zaunar da kai.

Shirin jiki

Babban abokin gabar ƙarfen da ke cikin jiki shi ne ƙwayar cuta. In ta samu ta manne masa, magani ba ya cika kai mata, wani lokaci sai an cire komai an sake. Tana iya tasowa daga nesa ta biyo jini: ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari, maruru, ko gyambon ƙafa da masu amosanin jini ke fama da shi. Duk a magance su kafin a sa rana. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai hawan jini haka. Taba da shisha a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki, domin suna hana rauni haɗewa.

Ka kwashi duk abin da kake sha a leda ka kai wa likita, har da na gargajiya, har da wanda ba ka so a sani. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini suna sa zubar jini, shi zai ce maka ranar da za ka tsaya. Mai shan tramadol ya faɗa, in ba haka ba maganin ciwon da za a ba shi ba zai kama shi ba. Mai shan maganin ƙiba ta faɗa, kuma kada ta yanke shi rana ɗaya da kanta, domin jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa a kan teburin aiki in aka tsayar kwatsam.

Mai amosanin jini yana buƙatar likitan jini a cikin shirin tun farko. Sau da yawa ana ƙara masa jini kafin aiki har awonsa ya kai wajen 10, wato wajen 30 a awon da aka fi yi a Najeriya. Ana kiyaye shi daga ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska, domin su ke tayar da ciwon. A nemi masu ba da jini da wuri, kuma an fi son jinin wanda ba ya ɗauke da sikila, saboda haka kada a dogara da 'yan ɗaki ɗaya kaɗai.

Ka fara koyon tafiya da sanduna tun yanzu, ka ƙarfafa hannuwa da cinya gwargwadon yadda ciwo ya bari. Batun kuɗi kuma, ka nemi a rubuta maka lissafin duka: ƙarfen, jini, magani, gado, hoto, gashin ƙashi. An sha ganin wanda ya sayar da gona ya biya aiki, ya rasa na maganin wata guda da ke biye.

Duk wannan shiri na wanda aka sa wa rana ne. Tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa ta gajarce ta juya waje, wannan karayar wuyan cinya ce har sai hoto ya nuna akasin haka. Ba ta ɗoruwa da kara da tsumma. A kai shi asibiti ranar.

In za ka ƙetare iyaka

Masu saurarenmu da yawa suna zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu Yamai, masu hali kuma Indiya ko Masar ko Tunisiya. Duk inda ka je, kada ka baro asibitin sai da takardar bayanin aikin: ta ina aka shiga, sunan ƙarfen da lambar girmansa, magungunan da aka ba ka da sunansu na asali, da hoton ƙashin, wanda mutanen Nijar ke kira radiyo, ba irin tamu ba. Takardar Kano da Ingilishi za ta zo, likitan Maraɗi kuma da Faransanci yake aiki, don haka ka ɗauki hotonta a waya, ka nemi mai fassara maka ita tun kana lafiya. Kuma ka san likitan da zai duba ka a garinku. Ba mu manta ba an rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda duk dogaronsa yana ɗaya ɓangaren ya ga tasku.

Tafiyar komawa ita kanta sai an shirya. Babur, ko acaɓa ko kabu-kabu, babu shi sam. Motar haya da ake cusa mutum biyu a gaba ma babu. Ka biya kujerar gaba kai kaɗai, a tura ta baya, a ɗan kwantar da ita, a sa matashi ya ƙara tudu. Ka fara zama da mazaunai, sannan a shigar da ƙafafu tare. Duk bayan sa'a guda a tsaya ka sauka ka taka kaɗan. In da hali, ka yi mako biyun farko a garin da aka yi aikin, a cire zare, wanda ake yi tsakanin kwana 10 zuwa 14, sannan ka kama hanya.

Makonnin farko

Kada ka yi mamaki in an tayar da kai tsaye ranar aikin ko washegari. Da gangan ne. A nan ne tausayin gida yake yin ɓarna: kwanta, kada ka motsa, me kake so a kawo maka? Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini, ƙwaya ko allura a fatar ciki, sau da yawa har wajen kwana 35. Ka sayi na kwanakin duka kafin ka bar gari, kada ka tsaya don ka ji sauƙi, kada kuma ka ƙara masa diclofenac ko ibuprofen na kemis ba da sanin likita ba.

Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ta fi doguwa guda ɗaya. Kana kwance ma ka riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. Nauyin da za ka ɗora wa ƙafar, likita ne zai faɗa. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka mai ciwon ce gaba. In ka koma sanda ɗaya, riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen aikin ba. In za ka juya, ɗaga ƙafa ka juya da ƙananan taku, kada ka murɗa jiki ƙafa tana kafe. Raunin a bar shi a bushe: ba gashi da ruwan zafi, ba man shafawa, ba garin magani. Ka ci ƙwai, wake, kifi, nama, nono da zogale, ka sha ruwa sosai, domin maganin ciwo yana ɗaure ciki.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi. Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe, wannan a tafi nan take, ballantana ga mai amosanin jini. Rauni ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya. Zazzaɓi, wanda a wurinmu kowa zai ce na sauro ne: a yi gwaji, amma a buɗe raunin likita ya gani, kuma kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya gani, domin yana ɓoye ciwon a gwaji. Sai ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ta murɗe, ka kasa taka ta. Ƙwallon ne ya fita. Kada a ja, kada a kira maɗori komai gwanintarsa, domin ƙashin da ke riƙe da ƙarfe yana iya tsagewa. Kada a ba ka abinci ko ruwa, saboda za a yi maka allurar barci kafin a mayar. A ɗauke ka a kwance zuwa asibiti.

Wajen mako 6 ake komawa ganin likita a sake hoto, a nan ne zai yi maganar tuƙi da komawa aiki. Mai aikin zama yakan koma da wuri, manomi da ɗan dako da mai sana'ar babur sai sun ƙara haƙuri, kuma su tambayi nauyin da aka yarda su ɗauka. Ƙarfi da tafiya suna ci gaba da gyaruwa har shekara guda. Daga nan duk likitan da ka je wurinsa, har na haƙori, ka gaya masa akwai ƙarfe a jikinka. In kuma Allah ya kira ka aikin Hajji, na'urar bincike ta filin jirgi tana iya yin ƙara in ka wuce. Ka gaya wa jami'in kafin ka shiga, takardar asibitin kuma ta kasance a jakar hannu.